Diskin da Ya Riƙe Gonakin Zakirai

Aikin farko da Malam Bukar ya ba ni a ɗakin saba, inda manyan injinan ofis suke, bai shafi danna kwamfuta ba ko kaɗan. Ya miƙo mini tsinken tsintsiya da ɗan ƙaramin buroshi, ya kai ni bayan wani dogon kabad na ƙarfe, ya nuna mini inda zanzaro ya gina gidansa a bakin fanka. Ya ce, "Cire shi, kuma kada ƙwayar ƙasa ɗaya ta faɗa ciki." Ni da na zo da takardar difloma a jaka da sabon mayafi ruwan hoda, ina zaton za a zaunar da ni gaban allo kamar 'yan matan ofis da nake karantawa a littattafai, sai ga ni durƙushe ina tarar ƙasar zanzaro a tafin hannuna. Na kusa cinye awa guda a kai. Da na gama ya leƙa, ya yi ɗan murmushi ya ce, "To, 'yar Bagwai, yanzu kin gaisa da injin. Da fankar nan ta tsaya, kafin la'asar abin da ke ciki ya dahu."

Abin da ya sa nake rubuta wannan, ku ne matasan da ke zuwa wurina neman koyo kuna cewa, "Hajiya Rabi, ai aikin nan ba wuya. Fitila ta yi ja, a zare tsoho, a sa sabo." Zarewa da sawa minti biyu ne, gaskiyarku. Amma sanin ranar da za a zare, da sanin ranar da zarewar za ta kashe na kusa da shi, wannan shi ne ya cinye mini shekaru fiye da ashirin.

Ofishinmu na wata ƙungiya ce mai auna gonaki, a gefen titi kafin ka shiga Ɗambatta. Kun san yadda ƙasarmu take. Gona manne da gona, iyakar wani layin gamba ne, ta wani kuma kututturen da wuta za ta iya cinyewa a rani ɗaya. Masu awo sukan fita ƙauyuka su auna, su zana taswirar kowace gona da sunan mai ita, sannan komai ya shigo ɗakinmu. Saba manyan kwamfutoci ne marasa allo, jere a cikin kabad, ba sa barci, ba sa hutu. A gabansu akwai diski, wato faifan da ke riƙe abin da aka ajiye, kowanne da 'yar fitilarsa. Idan ka kashe ƙwan ɗakin ka tsaya, sai ka ga koren haske yana ƙyalƙyali daga ƙasa har sama tamkar taurari sun sauko sun yi sahu. Tun ranar farko wannan hasken ya tafi da ni.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai igiyar da ake ɗaurawa a wuyan hannu a maƙala wa ƙarfen kabad, don kada wutar jikin mutum ta ƙona abin da ido ba ya gani. Akwai maka, wadda da ita muke rubuta wa kowane diski ranar da ya fara aiki. Sai sukurdireban Malam Bukar mai mariƙin katako. Shi Malam iyayensa daga Borno suka zo, a Kano aka haife shi, kuma kunnensa ya fi na kowa da na sani. Sai ya ɗora bakin sukurdireban a jikin diski, ya manna mariƙin a kunnensa, ya lumshe ido kamar mai sauraron waƙar da ya daɗe bai ji ba. Lafiyayyen diski guɗa yake yi a hankali kamar ƙudan zuma daga nesa. Wanda ya fara gajiya kuwa, can ƙarƙashin guɗar za ka ji ƙas, ƙas. Malam yakan ce wannan tari ne.

Na taɓa ce masa, "Malam, ai injin da kansa yana faɗa a allo in ya samu wurin da ya lalace."

Ya ce, "Yana faɗa. Ke in kin je asibiti, kina faɗa wa likita komai? Ki karanta abin da ya rubuta, sannan ki saurari abin da ya ɓoye."

Shekara bakwai na yi a ƙarƙashinsa. Na canza fankoki ba adadi, na canza batiran da suka kumbura kamar fanke, na koyi cewa abin da ke juyawa shi ke riga mutuwa. Ranar da ya yi ritaya ya ajiye mini sukurdireban a kan tebur, ya je ya hau motar Kano.

Yanzu ku bi ni a hankali, don nan ne ainihin maganar. Diskinmu bibbiyu suke aiki. Duk abin da aka rubuta a ɗaya, an rubuta a abokinsa. In ɗaya ya mutu, sai a sa sabo, wanda ya rage ya karanto masa komai daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Wannan karantawar ita ce aiki mafi nauyi da diski zai yi a rayuwarsa. Wata rana ina share tsohon kabad ɗinmu ina bin rubutun maka, sai na lura da wani abu. Diski arba'in da takwas, ma'aurata ashirin da huɗu, duk rana ɗaya aka kunna su, daga kwali ɗaya suka fito. Sa'annin juna ne. Tare suka sha zafi, tare suka sha ɗaukewar wuta. Ranar da ɗaya ya faɗi, abokinsa ma tsoho ne mai tari, shi za a ce ya ɗauki kayan biyu. Mahaifina a ƙauyenmu bai taɓa haɗa tsofaffin shanu biyu a karkiya ɗaya ba. Kullum tsoho da matashi yake ɗaurawa.

A daidai lokacin aka kawo mana sabon kabad da sababbin diski arba'in da takwas, kyauta daga masu tallafa wa ƙungiyar. Na je wurin shugaban ofis, Alhaji Sule, mutumin kirki mai son tsafta da tsari, na durƙusa na gaishe shi. Na ce ina so in raba ma'auratan. In ɗauko sabo ɗaya in haɗa da tsoho ɗaya a tsohon kabad, tsohon da na zare kuma in kai shi sabon kabad in haɗa shi da sabo.

Alhaji ya cire tabarau ya dube ni. "Rabi, waɗanda kike son zarewa sun lalace ne?"

"Ba su lalace ba, Alhaji."

"To abin da ke aikinsa lafiya, me ya yi miki? Sannan baƙi za su zo buɗe sabon kabad ɗin nan, har da masu hoto. Ke da kike mace, kin taɓa ganin an yi wa amarya jere an cusa tsohon kwano a tsakiyar sababbi?"

Na ce, "Alhaji, kwano ba ya mutuwa ya tafi da gonar mutane."

Ya ce in tashi in je, zai yi tunani. Tunanin nan sati uku ya ɗauka. Ku riƙe wannan sati ukun.

Dabarar ta zo mini ne ina goge wani diski. Shi diski ba tsirara ake tura shi ba, a kan ɗan tire yake zama, noti huɗu ke riƙe shi, kuma fuskar tiren ce kaɗai ake gani daga waje. Tsofaffin tirenmu sun koɗe sun yi ruwan ƙasa, sababbin kuwa baƙi wuluk suna sheƙi. Na kwance tsohon diski na ajiya na ɗaura shi a sabon tire, na ɗauko sabo na gaske, na kai wa Alhaji su biyu na ajiye a gabansa.

"Alhaji, wanne ne amaryar?"

Ya juya wannan, ya juya wancan, ya ɗaga su yana auna nauyi. Can ya fashe da dariya ya ce, "Wato tsohuwa za ki yi wa kwalliya. To je ki yi, amma in baƙo ɗaya ya gane, ni ban san ki ba."

Haka na fara. Ba a yin biyu a lokaci guda. In na zare tsoho ɗaya na sa sabo, sai in jira kwana ɗaya da rabi su gama kwafe wa juna, in saurara da sukurdireba, sannan in taɓa na gaba. Kowane tsohon da ya shiga sabon tire ina rubuta shekarunsa da maka a ciki, inda ni kaɗai zan gani. Baƙi suka zo suka yanka zare suka tafi, babu wanda ya gane. Na ci gaba da aikina a nutse, ma'aurata goma, goma sha biyar, ashirin.

Ina kan na ashirin da uku bazara ta kai maƙura. Wannan ita ce shekarar da ba na mantawa. Zafi ya yi zafi har kwalta tana laushi, sai kwamfireson babbar na'urar sanyaya ɗakin ya ƙone. Mai gyara ya zo ya duba ya ce sai an nemo kayan a Kano, kuma ba ranar nan ba. Ƙaramar na'urar da ta rage tana ta fama, iskarta kamar numfashin mara lafiya. A kwana na biyu fitila ɗaya ta yi ja. Kafin azahar uku suka bi ta. Cikin kwana biyar tsofaffi goma sha huɗu suka mutu, kamar sun yi alkawari da juna. Duk wanda ya faɗi sai in duba abokinsa, in tarar da matashi yana guɗarsa lafiya lau, ko gezau. Ba a rasa taswira ko ɗaya ba. Alhaji yakan leƙo ya ga jajayen fitilu ya dafe kai, in ce masa, "Kowace gona tana nan, Alhaji."

Saura ma'aurata na ashirin da huɗu, waɗanda sati ukun nan na jira suka hana ni kaiwa gare su. Su ke riƙe da gonakin yankin Zakirai. Kwafin ajiya da muke aikawa Kano ya tsaya tun kafin masu awo su fita a ranin nan, don haka duk awon bana na yankin babu shi a ko'ina a duniya sai a cikin tsofaffin nan biyu. A safiyar kwana na shida ɗaya ya mutu. Na ɗora sukurdireba a kan abokinsa, na ji ƙas, ƙas, ba ma sai na lumshe ido ba.

A wannan safiyar Inna Hansatu ta sauka daga mota a ƙofar ofis. Tsohuwa ce daga wani ƙauye a bayan Zakirai, mijinta ya rasu bayan an auna gonarsa da ɗan lokaci. Ɗan wan mijin nata ya tuge gambar da ke iyaka, ya ce gonar ta tsaya can ciki, kusan rabi nasa ne. Mai unguwa ya ce ta kawo takarda kafin ruwan shuka ya sauka, in ba haka ba za a bi maganar yaron, don ba za a bar ƙasa ba shuka ana jiran shari'a ba. Kwana biyu ke nan hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa.

Alhaji ya shigo ɗakin yana share gumi. "Rabi, ga sabo nan a ajiye. Tura shi ya kwafe, me kike jira?"

Na ce, "In na tura, injin zai tilasta wa tsohon ya karanta komai ba hutu, har wuraren da suka ruɓe. Ba zai kai rabi ba."

"Littafin injin ba haka ya ce a yi ba?"

"Haka ya ce. Wanda ya rubuta littafin bai taɓa jin tarin wannan ba. Ka ba ni yau, a rufe ofis, kada kowa ya nemi komai."

Ya ce, "In ya mutu a hannunki fa?"

Na ce, "To a hannuna ya mutu."

Ya fita ya sa aka rufe taga mai karɓar jama'a.

Na kashe duk sauran saba, ɗaya bayan ɗaya, har ɗakin ya yi tsit irin wanda ban taɓa ji ba, don zafinsu ya daina ƙaruwa a kan mara lafiyan. Na kwaso fankokin tsaye na ofis har da ta Alhaji, na juya su gaba ɗaya suna tura iskar ƙaramar na'urar zuwa wuri ɗaya. Na jira har jikin tiren ya daina ƙona bayan hannuna. Sannan na fara jan kaya a hankali, ba duka ba. Na fara da jerin sunaye, don in babu shi taswira hoto ce kawai mara mai ita. Daga nan awon bana, ƙauye bayan ƙauye, ina ba shi hutu tsakanin kowanne kamar yadda ake shayar da wanda ya daɗe bai ci ba. Ƙauye tara suka fito sumul. Da na zo ƙauyen Inna Hansatu sai ya tsaya cak, ya yi ƙas, ƙas, ƙas. Na sake gwadawa, ya sake yi, har ma da ƙarfi. A daidai ruɓaɓɓen wurin ƙauyenta ya faɗa.

A nan mai koyo yake kashe diski, don zuciya za ta ce a sake matsa masa. Na cire hannuna. Na tsallake ƙauyen, na ci gaba da sauran. Bayan na yi sallar azahar na fita wurinta. Tana zaune a inuwar darbejiya ta shimfiɗa gefen zanenta, ga ƙullin ƙuli-ƙuli a gabanta.

"Sannu da jira, Inna."

"Yauwa 'yata. An ce gonar tawa a cikin wani akwati take?"

"Hotonta ne a ciki, Inna. Akwatin ne ba shi da lafiya, zafi ya kama shi. Kuma ba zan ɓoye miki ba, na kowa yana fitowa, na ƙauyenku ne ya maƙale."

Ta ɗaga kai ta kalli gabas. Can ta ce, "In zafi ne ki yayyafa masa ruwa mana."

Na ce, "Ba ya shan ruwa, Inna."

"To shi ya sa. Ungo ƙuli, ke dai ki ci, na ga idonki ya faɗa. Ki koma ki lallaɓa shi. Tsoho ba a yi masa tsawa, ni na zauna da ɗaya shekara arba'in."

Na koma da ƙuli a hannu. Sauran ƙauyukan suka gama fitowa ana kiran la'asar. Na bar shi ya huta har na idar da salla. Sannan na yi abin da Malam Bukar ya nuna mini sau ɗaya tak a shekara bakwai. Maimakon in shiga ruɓaɓɓen wurin ta gaba inda yake tuntuɓe, sai na sa a karanto shi daga ƙarshe ana dawowa baya, ɗan kaɗan ɗan kaɗan. Na manna kunnena a mariƙin katako. Ya yi ƙas sau ɗaya, ya yi shiru. Sai guɗar ta dawo, siririya kamar zare, sunaye suka fara sauka a allo ɗaya bayan ɗaya. Na goma sha bakwai sunan mijinta ne. Ban ɗaga kaina ba sai da na ƙarshe ya sauka. Na sake kunna saba ɗaya a sabon kabad, na kwafe komai wuri biyu, a kan matasa biyu da ba kabad ɗaya suke ba, sannan na kashe tsohon da hannuna na ce masa ya huta.

Alhaji da kansa ya buga hatimi a takardar, ya biyo ni har gindin darbejiya, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Iska ta fara kaɗawa mai ƙanshin ƙasa, gabas ta yi baƙi. Na miƙa wa Inna takardar. Ba ta karatun boko, a juye ma ta riƙe ta. Na kai hannu zan gyara mata, sai na ga ta ɗora yatsa a kan layin iyaka tana bi a hankali, har ta zo inda layin ya yi wata 'yar lanƙwasa ya koma.

Ta ce, "Ga shi nan. Nan ne suri yake. Kullum in ya zo nan da garma sai ya kauce, ya ce su ma masu gida ne." Ta ƙara bin layin har ƙarshensa, can nesa da inda yaron ya ce gonar ta tsaya. Ta naɗe takardar ta cusa a cikin leda, ta ƙulle a bakin zane, ta miƙe tana gyara mayafi.

Alhaji ya ce, "Inna, ki bari ruwan nan ya wuce mana."

Ta ce, "Alhaji, irina yana jira a ɗaki. Tsayar mini da mota."